Yadda muka rabu da baban yarana ba tare da mun taka kotu ba

Duk wadda ta ji cewa aurena ya mutu amma ko ƙofar kotu ban taka ba, tambayar da take fara min ita ce wai ko dama baban yaran mai sanyin hali ne. Wlh ko kaɗan, ni ma kuma ba kanwar lasa bace, mun gaji da juna ne sosai, yaji da biko har dangi suka daina zuwa, ƙarshe ko gaisuwar safe sai dai a yi don idon yara. Abun da ya rufa mana asiri mutanen da aka saka a tsakiya ne da takardar da aka rubuta kowa ya sa hannu.

Ni dama tsoron kotu nake tunda na ga yadda 'yar gwaggona ta sha, yau a ɗage zama gobe lauya bai zo ba, ga kuɗin mota ga zaman jira, kuma duk sirrin ɗakinta sai da aka baje shi a gaban mutanen da suka zo sauraron rigimar gona da ta bashi. Yaranta yanzun sun girma, babu abun da basu sani ba cikin maganganun da iyayensu suka jefi juna dasu.

Toh da abu ya kai maƙura sai limamin unguwarmu ya ce a bi abun da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce, a samo mutum ɗaya daga danginsa ɗaya daga nawa. Anan fa ake yinta, don wanda kika zaɓa shine rabin maganar. Kawuna ya fi kowa sona a duniya amma da shi na kai da tuni an yi dambe, don duk abun da na faɗa zai ce haka ne. Sai na ce Baffa, ƙanin mahaifina wanda dama shine waliyyina ranar ɗaurin aure, mutum ne da zai kalli tsabar idona ya ce ke 'yar nan wannan son zuciya ne. Baban yara kuma ya kawo babban yayansu. Iyayenmu mata an roƙe su su zauna a gida, ba raini bane, kowa dai ya san uwa bata iya jin ana faɗin laifin ɗanta ta yi shiru.

Zaman farko neman gyara aka yi, bai yiwu ba. A na biyu Baffa ya kafa doka, ya ce daga yau babu wanda zai sake cewa ranar kaza ka yi min kaza, an gama wannan babin, abun da ya rage shine idda da kaya da yara da ciyarwa. Duk sanda ɗayanmu ya fara dawo da tsohon zance sai ya ɗaga carbinsa kawai ya ce ba shi muke ba.

Malam liman ya hana baban yara furta saki a ranar, ya ce a jira sai ina cikin tsarkin da bai kusance ni ba, sannan saki ɗaya tak, a rubuce da kwanan wata da shaidu biyu. Kuma ya dage a ɗakina zan yi idda kamar yadda farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya ce, ba a kwaso kaya a akori kura a daren ba irin yadda muka saba. Baban yara ya koma ɗakin waje, cefane bai tsaya ba har na gama tsarki uku. Na sha surutu kam, wata maƙociya har cewa ta yi wai na rasa wajen zuwa ne, amma a wannan zaman ne yara suka ƙarasa zangon makaranta ba a cire su a tsakiya ba, ni kuma na samu Umma ta gyara min ɗaki a gida a natse.

Kayan ɗaki basu bada wahala ba tunda kowa ya san gado da katifa da kujeru da kwanuka na mace ne, lefe da sadaki ma babu wanda ya tada zancensu tunda shi ya sake ni ba hul'i na nema ba. Gwaggo da ƙanwarsa suka shiga da littafi da biro suna rubutawa ɗaya bayan ɗaya. Firiza ce kawai ta so ta ɓata ruwa, don da kuɗin adashena aka fara siyanta shi ya cika, kuma da ita nake sana'ar zoɓo da kunun aya. Ni na ce tawa ce shi ya ce tashi ce, muka yi cirko-cirko, sai yayansa ya juya ya ce masa kai yanzu in ka riƙe ta me zaka saka a ciki, ruwan sanyi? Malam ya karɓe da cewa ai dama akwai kyautar da aka so mai saki ya yiwa matar da ya saka, a mazhabar Malikiyya ba a tilasta shi amma an so ya yi, toh ya bar mata kasonsa ya zama shine kyautar. Ya yi shiru can ya ce ya bari.

Maganar yara ce ta kusa kaimu inda muke gudu. Hajiyarsa ta aiko cewa da zarar an yaye ƙaramar a kawo mata duka ukun, wai ɗa na uba ne, mace tafiya zata yi ta yi wani auren. Ni kuma a lokacin ji nake gara a yanka ni. Malam bai yi musu da kowa ba, Risala ya ɗauko ya karanta ya fassara, cewa riƙon yaro bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, in uwar ta yi wani aure kuma riƙon ya koma hannun mahaifiyarta sannan 'yar uwarta. Uba kuma ci da sha da sutura da magani suna wuyansa ko ina yaran suke. Da yawa a cikinmu mun taso muna ɗauka al'adar nan ta ƙwace yaro bayan yaye addini ce, har baban nasu ranar ya fara ji. Amma Baffa bai bari na tafi da taƙamar na ci nasara ba, ya ce Hajiya kaka ce tana da haƙƙi, aka rubuta duk Juma'a bayan masallaci yara suna gidanta, rabin kowane hutu suna wajen ubansu, ƙaramar sallah a wajena babba a wajensu. Kuma shi da kansa ya sa babbar riga ya je ya yi mata bayani, bai bari ta ji a bakin wani ba.

Wajen ciyarwa ne na sara wa tsohon nan. Baban yara ya faɗi kuɗin da zai dinga bayarwa duk wata, Baffa ya ce a'a, abinci a rubuta shi da kwano da galan, shinkafa kaza masara kaza mai kaza, kuɗin cefane ne kawai za a rubuta da naira kuma a sake duba shi duk shekara bayan babbar sallah. Da aka cire tallafin man fetur a 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi, wata ƙawata da aka yanka mata kuɗi tsaye ko sati biyu basa kai ta, ni kuwa awona bai ragu ba. Kuɗin makaranta shi yake biya kai tsaye ya turo hoton rasit, na cefane ta banki yake turowa don kar wata rana a ce an bayar ni na ce ban gani ba. In wata ya wuce shiru bana kiransa, Baffa nake faɗawa shi ya kira yayansa, shikenan.

Bana cewa kowa haka zai yi mata. Wadda ake duka, ko wadda miji ya saka ya dawo yana musu, ko ya gudu ya barta ba aure ba saki, wannan ta tafi Hisba ko kotun shari'a kai tsaye kar wani ya ce mata ta tona asiri. Sulhu sai inda namijin yake da wanda yake jin kunya. Ita ma takardar tamu Malam ya gaya mana ba hukuncin alƙali bace, hujja ce dai in ta ɓaci, shi yasa kowa ya riƙe kofi, ɗaya kuma tana wajensa.

Yanzun babban ya fara cewa yana so in ya shiga sakandare ya koma wajen babansa saboda makarantar ta fi kusa da can, raina baya so ko kaɗan amma na faɗawa Baffa ya saka shi cikin abun da za a tattauna a zaman bayan sallah.