Fam ɗaya ta Biyafara

Jiya wani dattijo Ibo, maƙwabcin shagonmu a Sabon Gari, ya zaro min wata takardar kuɗi daga tsohon littafinsa na bashi. Fam ɗaya ce ta Biyafara. Ta yi laushi kamar tsumma, amma bishiyar kwakwar manja da rana mai fitowa da ke jikinta suna nan raɗau.

Ya ce a farkon 1968 gwamnatin Gowon ta canja takardun kuɗin Najeriya, abin da ke hannun mutanen Gabas ya tashi aiki, shi ne Ojukwu ya buga nasu. Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, nasun ma ya mutu murus. Wanda ya kai kuɗin Biyafara banki, ko da buhu ne, fam 20 aka miƙa masa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Mu da canjin kuɗin 2023 kawai ya sa muka yi ta kuka a layin banki!

Yanzu masu tara kayan tarihi na sayen irinta a intanet, sai dai ba ta da wata tsada, don an buga su da yawa. Na ce, "Baba, a sayar min mana." Ya ce albarka.