Kaskon Ruwa a Gindin Darbejiya

Shekara shida ke nan da muka baro cikin gari muka koma Rijiyar Zaki, can ƙarshen unguwa inda gidaje suka yi iyaka da gonakin gero. Mun tarar da wata tsohuwar darbejiya a tsakar gidan. Maigida ya so a sare ta saboda sharar ganye, surukata ta hana. Ita ce kuma ta sa ni ajiye kaskon ruwa a gindinta a bazarar farko, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40.

"'Yar nan, ki duba bakin kurciyar can a buɗe," in ji ta. "Ƙishirwa ce. Ba ta ruwa, sadaka ce."

Na ce, "To, Inna."

Da farko tsohon bokiti na cika, washegari na tarar da ɗan gwara ya nutse a ciki. Abin ya tsaya mini a rai kwana biyu. Daga nan na koma kasko mai faɗi marar zurfi, na sa dutse a tsakiya don ƙanana su sami wurin tsayawa. Kullum da safe sai na zubar na sake, don kada sauro ya yi ƙwai. Na kuma janye shi daga jikin katanga, inda kyanwar maƙwabta ke laɓewa. Ruwan kajina daban yake, a cikin akurki, domin ban manta da murar tsuntsaye ta 2006 ba, wadda ta ci kaji masu yawa a gonakin Kaduna da Kano.

Da damina ta sauka sai marai suka cika bishiyar, tsuntsayen nan rawaya masu baƙin kai da jan ido. Su na fi zama ina kallo, har tuwo ya taɓa kama mini a tukunya. Namiji ne ke saƙa. Yakan tsago ɗanyar ciyawa ko ganyen dabino siri-siri, ya fara da zobe a ƙarshen reshe, ya yi ta ɗaurawa da baki da ƙafa, cikin kamar wuni guda ya gama ɗaki mai ƙofa ta ƙasa. Sai ya rataye a jikinsa kai ƙasa, yana karkaɗa fukafukai yana ihu, mata su zo dubawa. Mace za ta shiga ta fito. Idan sheƙar ta bushe ba wadda ta karɓa, shi da kansa zai warware ta ya faro sabuwa. Na ga wani ya yi haka har sau uku, raina yana tare da shi. Surutunsu dai tun asuba ne, kuma suna tsige ganyen rassan da suka zauna, dole mai shanya ya sauya wurin igiya.

Kurciya kuwa ba ta san wahalar gini ba. 'Yan tsinkaye ta jera a kan akwatin mitar wuta, ta zuba ƙwai biyu farare, har ana hango su ta ƙasa. Tausayi ya sa na ɗauke sheƙar na mayar cikin kwando a wurin da na ga ya fi tsaro. Ba ta sake komawa kansu ba. Inna ba ta yi mini faɗa ba, ta ce kawai, "Ita ta san dalilinta." Da suka sake yi a wuri ɗaya ban taɓa ba. Namiji da mace suka riƙa karɓar kwanci, bayan kamar mako biyu suka ƙyanƙyashe.

Shirwa ce kaɗai muke ɗan tsama da ita. Ranar Babbar Sallah ta fizge tsoka daga tire a hannun ɗana, tun daga nan naman layya a rufe yake fita tsakar gida, 'yan tsaki kuma ba sa yawo sai a ƙarƙashin raga.

Akwai wadda Inna ke yawan cigiya, ungulu. Ta ce a da, in ka bi ta mayankar Ƙofar Mazugal, kan rufi baƙi yake da su. Yarana ba su taɓa ganin ko ɗaya ba sai a hoto. Tun 2015 aka sa irin wadda muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma guba da farautarta don haɗa magani suna cikin abin da ya jawo.

Shamuwa dai har yanzu tana zuwa. Bana na riga Inna ganinta, guda biyu a kan wata kuka da ke bayan layinmu. Na shigo da sauri na gaya mata, ta ce a kira mai gyaran indararo tun kafin ruwan farko.