Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Keken Baba da bakin kanal

Assalamu alaikum jama'a. Wancan makon na tsaya a inda aka kai ni firamare, amma kafin in wuce sai na gama maganar keken nan, don tun da na ɗan taɓo ta a baya 'yan gidanmu suke ta kira na wai in bar tone-tone. Ba zan bari ba. Wanda abin ya yi wa zafi shi ma ya zauna ya rubuta nasa.

Wanda bai taso a ƙasar Kura ba ba zai gane matsayin bakin kanal a wurinmu ba. Ruwan daga Tiga yake tasowa, dam ɗin da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, ya biyo babban kanal ya shiga Ruwan Kanya, daga baya ya rabu, wani ya yi gabas wajen Bunkure wani ya yo wajenmu, Kadawa da Garun Malam da Kura. To kowane kanal akwai hanya a gefensa, an yi ta ne don ma'aikata masu buɗe get da masu gyara, amma mu muka mallake ta. Ta nan ake zuwa gona, ta nan ake zuwa biki da gaisuwar mutuwa, mutum zai yi tafiya mai nisa bai taka kwalta ba. Baba ya ce kafin ruwan nan ya zo, da an gama girbi gari yake watsewa kowa ya tafi ci-rani, ni dai ban ga wannan ba, na buɗe ido na tarar da alkama da tumatir da albasa shar da rani.

Keken Baba Raleigh ne baƙi, mai kariya babba, ya naɗe ƙarfensa da roba don kar fenti ya goge, ranar Juma'a kuma shi da kansa yake wanke shi ya ɗiga wa sarƙa baƙin mai. Maganarsa kullum ita ce, "Keke ba ya cin komai sai gwiwar mai shi." Idan aka ce wane ya sayi mashin sai ya yi murmushi ya ce Allah ya sanya alheri, ya ƙara da wannan maganar. Kuma yana da doka a bakin kanal: mai ƙafa shi ke da hanya, ba a kaɗa wa dattijo ƙararrawa, sauka ake yi a gaishe shi a turo keken sai an wuce. Yanzu yaran nan masu mashin sai su bi ta gefen tsoho su bule shi da ƙura ko waiwaye babu.

Ni ne ɗan rakiyarsa, wannan kowa a gidan ya sani har wanda yake musu. Shekarun da aka hana shigo da alkama, daga 1987, lokacin Babangida, kowa ya koma alkama a wajenmu, amma Baba bai taɓa barin 'yar gonar tumatir ɗinsa ba. Da asuba cikin hunturu za mu ɗaure kwando a kariya da igiyar roba, shi yana riƙe da kan keken ni ina dafe da kwandon ta baya, don kwandon tumatir idan ya karkata sau ɗaya to ku da shi sai cikin ruwa, haka za mu tura har Kwanar Gafan inda manyan motoci ke lodi su yi Legas. Hawa sai a dawowa. A nan na koya, ƙafata ba ta kai feda daga kan sirdi sai dai in zura ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya in rataye a gefe, Baba yana biye da ni da ƙafa yana cewa, "Kai yaro, bar kallon ruwan, kalli gabanka."

Ƙaya kuwa ba a magana. Idan taya ta sace ba ma neman mai faci, Baba zai kifa keken, ya zaro tub ɗin da bayan cokali, ya ɗan ba shi iska da famfo ya miƙo min, ni kuma in kwanta ruf da ciki a bakin siminti in tsoma shi a kanal ina juyawa a hankali har in ga inda kumfa ke tasowa, in danne wurin da yatsa kar ya ɓace min. Shi zai kankare ya shafa gam ya jira ya sha iska sannan ya manna. Yaya bai taɓa yin wannan ba ko sau ɗaya. Yana barci.

Da ciwo ya kwantar da Baba, a gaban Inna da Baffa ya ce, "Keken nan na wannan yaron ne, shi ya san wahalarsa." Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, amma Baffa yana nan da ransa, a je a tambaye shi. Da Baba ya rasu, ko sadakar arba'in ba a yi ba na dawo daga gona na ga babu keke a zaure. Na ce, "Yaya, ina keken Baba?" Ya ce, "Kai har ka isa ka tambaye ni?" Ashe ya sayar ya cika kuɗin mashin. Na san abin da malamai suka ce, wani ma ya zaunar da ni ya yi min bayani cewa kyautar da ba a karɓa a hannu ba har mai ita ya rasu komawa take cikin gado. To na ji, a sa shi a gadon mana! Ba a sa ba. Goggo ce kawai ta buɗe baki, aka ce mata maganar maza ce.

Daga nan na koma ɗan ƙafa, makaranta da gona duk ta bakin kanal. Ban ce ban ƙaru ba, mai ƙafa yana ganin abin da mai keke ba ya gani, mata masu wanki, Fulani suna shayar da shanu, inda siminti ya tsage ruwa yake zurarewa ciyawa ta cika wurin. A lokacin ne ma na koyi iyo, zafin rana ya sa kullum sai na faɗa ruwa, na kwashi tsargiya kamar sauran yaran da muke wanka tare, Inna ta sha wahalar nema min magani. Da ina kan keke da ban tsaya wanka ba, wannan ma a lissafin Yaya nake sa shi.

Abin dariya, da aka cire tallafin mai a 2023 na je gida, ina tafe da yamma ta wajen get sai ga wani dattijo a kan keken yara yana haki, gwiwa tana dukan kan keke. Yaya ne. Mashin yana jingine a zaure ba mai. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Yaya, sannu da ƙoƙari, ai keke ba ya cin komai sai gwiwa." Bai amsa ba. Matata ta ce ban kyauta ba, wai girma ya kama mu duka. Ita ba ta tura kwando da asuba ba.

Na sayi kekuna daga baya, Phoenix ne na farko da kuɗin ƙwadagon dashen shinkafa, shi na hau ranar da na fara zuwa zance ƙauyen su uwar 'ya'yana, ta bakin kanal ɗin dai, na isa da wando duk baƙin mai don sarƙa ta zame min a hanya. Wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Masu kira na kuma ku daina wahalar da katinku, a tambayi Baffa.