Saƙon godiya bayan aikin maƙogwaron ƙanena

Assalamu alaikum. A madadin mahaifiyarmu da ɗaukacin gidanmu da ke Birni, nan Damagaram, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa an cire wa ƙanena bututun da ke wuyansa, kuma yau kwana tara ke nan yana numfashi ta hanci kamar kowa. Alhamdu lillahi.

Da yawa sun san hatsarin kabu-kabun da ya yi, amma kaɗan ne suka san abin da ya biyo baya. Robar da aka zura masa ta baki har kwana 18 yana kwance bai san inda kansa yake ba, ita ta ceci ransa, ita ce kuma ta bar tabo a ƙasan inda murya ke fitowa, tabon ya yi ta tsukewa har hanyar iska ta ƙuntata. Mun yi wata biyu muna ba shi maganin fuka, alhali numfashinsa na yin fito ko daga zaure ana ji, sai da likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa da na'ura aka gano gaskiya, aka huda wuyansa.

A Yamai aka yi aikin. Likitoci suka yanke wurin da ya tsuke, suka haɗa bakin biyu suka ɗinke, sannan suka ɗaure haɓarsa da ƙirjinsa da zare har mako guda don kada ya ɗaga kai ɗinkin ya ɓalle. Ba zan manta da ma'aikaciyar jinyar da take zuwa tsakar dare tana zuƙe masa majina tana lallashinsa ba, kamar ɗan da ta haifa. Allah Ya saka musu da Aljanna.

Godiya ta musamman ga 'yan kabu-kabu abokan sana'arsa, waɗanda suka tara kuɗin mota daga ɗan abin da suke samu, da matan unguwa da suka bar wa Inna kwasar asusu tun zagayenta bai zo ba, da limaminmu, da Baffa da ya sauke mu a gidansa wata guda cur.

Muryarsa tana dishe har yanzu, kuma likita ya hana shi yawan magana da shiga ƙura, don haka masu zuwa dubiya su yi mana uzuri idan ya amsa gaisuwa da hannu. Za mu koma Yamai a sake dubawa bayan wata uku, muna roƙon ku ci gaba da sa shi a addu'a.