Abin da ambaliyar Tailan ta koya mini, da abin da na ƙi koya

Na shafe shekaru masu yawa ina aikin sayo kaya a wani kamfani da ke harhaɗa kwamfutoci da na'urorin ofis, kuma a rabin farko na waɗannan shekaru ban taɓa ɗaukar ruwan sama ko fari a matsayin abin da ya shafi aikina ba. Abin da na sani shi ne farashi, da ranar isowar kwantena, da yadda ake matsa wa dillali har ya yi ragi. Ku ƙannena da kuke shigowa harkar yanzu, zan ba ku labarin wuraren da na yi tuntuɓe, domin kura-kuraina ba na sabon shiga ba ne, na mutumin da yake ganin ya riga ya ƙware ne.

A shekarar 2011 muna sayen faifan ajiyar bayanai na kwamfuta daga dillalai biyu da ke ƙasashe daban-daban, kuma ina tinƙaho da wannan tsari a duk zaman da muka yi da shugabanni, ina cewa idan ɗaya ya gaza ɗayan zai rufa mana asiri. A watan Oktoba na shekarar, bayan damina mai ruwa fiye da ƙima, ambaliya ta mamaye yankunan masana'antu na Ayutthaya da Pathum Thani a ƙasar Tailan. Ruwa ya shiga masana'antun Western Digital, mai ƙera irin wannan faifai, da na Honda da na ɗaruruwan ƙananan kamfanoni, a wasu wuraren ya yi makonni bai janye ba, kuma daga baya Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar da fiye da dala biliyan 45. Farashin faifan ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya. Cikin mako guda dillalan nan nawa biyu suka aiko mini da wasiƙun ban haƙuri, kalmominsu kusan iri ɗaya, kamar sun haɗa baki.

Ba baki suka haɗa ba, tushe suka haɗa. Dukansu daga wannan yanki na Tailan suke samun kaya, kuma hatta masana'antun da ke wajen Tailan sun dogara da ita wajen samun ƙananan sassa, irin ɗan injin da ke juya faifan. Na yi shekaru ina ƙirga masu sayar mini, ban taɓa ƙirga wuraren da ake ƙera abin da suke sayar mini ba. Saboda haka duk kayan da kasuwancinku ba zai yi mako biyu ba tare da shi ba, ku tambayi garin da ake ƙera shi, ku tambayi inda masana'antar take samun sassanta, sannan ku ɗauko taswira ku duba kogin da ke kusa da ita, da tashar jiragen ruwan da take amfani da ita, da inda take samun lantarki. Dillalai ba sa son wannan tambaya, domin suna tsoron a tsallake su a tafi kai tsaye, to amma wanda ya sanya ta cikin sharuɗɗan kwangila tun kafin a sa hannu yakan sami amsa.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, domin na yi shi ne bayan na sha wuya. Da ruwa ya janye, kaya suka dawo, sai na kira abin da ya faru tsautsayi, na koma ga tsohuwar ɗabi'ata ta barin sito kusan wayam. Akwai hujja a kan hakan, kuma ba zan raina ta ba: kayan da ke jibge a sito kuɗi ne da ke barci, ana biyan haya a kansu, na lantarki kuma suna tsufa da wuri. Ni kaina da ƙarancin kayan ajiya ake auna ƙwazona a ƙarshen shekara. Sai dai kamfanin Toyota, wanda daga wurinsa duniya ta koyi tsarin kawo kaya daidai lokacin buƙata, shi kansa ya sauya bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011, ya nemi masu kawo masa wasu muhimman sassan lantarki su riƙa ajiye na watanni. Malamin ya gyara karatunsa, mu almajirai muka ci gaba da haddar tsohon.

Abin da ban tsaya na fahimta ba shi ne cewa lissafin da ake yi na cewa ambaliya kaza sau ɗaya take zuwa a shekara ɗari, an gina shi ne a kan bayanan yanayin da ya shuɗe. Duniya ta ɗumama da fiye da digiri 1 a ma'aunin Salshiyas tun daga farkon zamanin masana'antu, kuma duk ƙarin digiri ɗaya yana ba iska damar riƙe danshi da kusan kashi 7 cikin ɗari fiye da da. Ma'anar wannan ita ce idan ruwa ya tashi sauka yakan sauka da yawa a lokaci guda, zafi kuma yakan busar da ƙasa da koguna da sauri. Ba kowace ambaliya ce za a ɗora wa sauyin yanayi ba, amma mai sayo kaya ba alƙali ba ne da zai tsaya neman mai laifi. Abin da ya dame shi shi ne abin da a da yake zuwa jefi-jefi yanzu ya zama baƙon kullum.

Ni kuma ambaliya kaɗai na sa wa ido, alhali fari ya fi ta iya shigowa ba sallama. A 2018 ruwan kogin Rhine da ke ratsa ƙasar Jamus ya ja baya har jiragen dakon kaya suka koma ɗaukar wani ɗan kaso na lodinsu, kamfanin sinadarai na BASF ya ce abin ya jawo masa asarar kimanin yuro miliyan 250. A 2021 Taiwan ta shiga fari mafi tsanani cikin fiye da shekara hamsin, har masana'antun da ke ƙera 'yan mitsi-mitsin sassan da ke zama ƙwaƙwalwar wayoyi da motoci suka koma sayen ruwa a tankoki. Duk na karanta waɗannan labarai, na ce Allah ya kyauta, na wuce, ban tuna da maganar gemun ɗan'uwa da ya kama da wuta ba.

Nawa gemun ya kama ne a watan Agusta na 2022. Lardin Sichuan na ƙasar Sin yana samun mafi yawan lantarkinsa daga madatsun ruwa, to da zafi ya tsananta, koguna suka ƙafe, jama'a kuma suka kunna na'urorin sanyaya ɗaki, sai hukumomi suka umarci masana'antu su dakata domin a bar wa gidaje wuta. An fara da kwana shida, aka kuma ƙara wa'adin. Wata masana'anta da ke yi mana wani ƙaramin sashe tana cikin waɗanda suka tsaya, kuma rashin wannan sashe, wanda bai kai girman ɗan yatsa ba, ya hana mu kammala odar da muka riga muka karɓi kuɗinta. Na je wurin kamfanin inshorarmu da ƙarfin gwiwa, sai aka nuna mini layin da na sa hannu a ƙarƙashinsa ban karanta ba: ana biyan asarar tsayawar aiki ne idan dukiya ta lalace. A nan babu ginin da ya rushe, babu injin da ya jiƙe, wuta kawai aka ɗauke. Masana'antar ita ma ta fake da sharaɗin abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam, wanda ya wanke ta daga biyan tara, yayin da kwangilar da na rubuta da masu sayen kayanmu ba ta ba mu irin wannan mafaka ba. Ba a zalunce ni ba, ni ne na karanta shafin farashi na bar sauran shafukan. Ku ajiye kwangilar da kuka yi da mai sayar muku kusa da wadda kuka yi da mai saye a wurinku, ku karanta su tare, ku ga ko akwai ramin da ku kaɗai za ku faɗa.

Akwai abin da na yi a wancan lokaci da har yau nake jin kunyarsa. Na yi kusan mako uku ban sanar da masu odar ba, ina fatan kayan za su iso kafin su lura. Da labari ya fito, jinkirin bai ɓata musu rai kamar shirun ba, domin da na faɗa musu da wuri da sun nemi mafita a wani wuri ko sun sauya jadawalinsu. Ɗaya daga cikin manyansu bai sake ba mu oda ba.

Ko kayan da ba su bi ta inda abin ya faru ba ma ba su tsira ba, kuma wannan na gane shi ne a ƙarshen 2023. Mashigin Panama, hanyar jiragen ruwa da ke haɗa tekun Atlantika da na Pasifik, da ruwan daɗi yake aiki, daga tafkin Gatun, kuma kowane jirgi da ya wuce yana tafiya da kimanin lita miliyan 200 zuwa teku. Da fari ya rage ruwan tafkin, hukumar mashigin ta rage jiragen da ke wucewa a rana daga kusan 36 zuwa 22, har wani kamfani ya biya kusan dala miliyan 4 a gwanjo don ya tsallake layi. A daidai lokacin ne hare-hare a Bahar Maliya suka sa jirage kauce wa mashigin Suez suna zagaye ta kudancin Afirka, abin da ke ƙara wa tafiya kwana goma ko fiye. Jiragen duniya da kwantenoninta tukunya ɗaya ce, idan tafiya ta yi tsawo a wata hanya sai su yi ƙaranci a sauran, kuɗin dako ya tashi wa kowa.

A wannan karon bugun bai kai mu ƙasa ba, domin na riga na ware sassa kaɗan, waɗanda wuri guda ake yin su kuma samun madadinsu yana ɗaukar watanni, na ajiye na wata uku, sauran kayan kuma na bar su a kan tsohon tsari. Na kuma riƙa ba wata masana'anta da ke wani yanki dabam ƙaramar oda a kai a kai duk da ta fi tsada, saboda wanda bai taɓa ganin kuɗinka ba ba zai ɗaga wayarka ranar da kowa ke nemansa ba. Har yanzu duk ƙarshen shekara mai kula da kuɗin kamfani yakan kira ni ya tambayi dalilin da ya sa jari yake kwance a sito, ni kuma nakan shimfiɗa masa taswirar nan da na zana koguna da madatsun ruwa a kanta, mu yi ta ja-in-ja. Bara ya rage mini ajiyar daga wata uku zuwa wata biyu.