Tazarar da makirufon USB ya ɓoye mini

Sati uku kafin azumi dattawan masallacinmu suka ce in haɗa musu akwatin lasifika biyu, saboda tafsiri. Na shiga Sabon Gari na sayo sifika mai inci 8 da tiwita (ƙaramar sifikar siririn sauti) mai ƙaho, kafinta ya yanka mini katako, na auna kowace sifika da manhajar awon sauti ta REW, na zuba sakamakon a manhajar tsara lasifika ta VituixCAD, na tsara mai raba sauti, wato haɗin kafasito da kwayil da ke raba wa sifika da tiwita aiki, a kan haz 2000 (kaɗawar sauti sau 2000 a daƙiƙa). A fuskar kwamfuta layin da ke nuna ƙarfin sauti ya miƙe sambal. Da muka kunna a masallaci kuwa, muryar liman ta fito kamar daga cikin randa. Bayan la'asar ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, ƙara kam akwai, amma na sahun baya ba sa rarrabe harafi." Maganar ta tsaya mini a rai, domin sin da shin da sad su ne abin da aka ba ni amana a kai.

Kwana biyu ina zargin kafasito da kwayil. Na kwance, na sake naɗi, ba abin da ya sauya. Ashe matsalar tun daga awo take.

Makirufon da na yi aiki da shi na USB ne. Irinsa yana da agogonsa daban da na katin sautin da ke fitar da ƙara, don haka manhaja ba ta san daidai lokacin da sautin ya tashi ba, isowarsa kawai take gani. Ni kuma na bar ta ta ɗora sifilin lokaci a kan ƙololuwar kowane awo. Kamar a filin sukuwa ne a ce kowane doki sai ya iso sannan a danna masa agogo: kowa ya zo na ɗaya ke nan. Alhali tiwitar tana can gindin ƙaho, kusan santimita 9 a bayan babbar sifikar.

Santimita 9 ba komai ba ce a ido. Amma sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa idan zafi na digiri 20, wato santimita 34 a milisakan ɗaya. Tsawon zango ɗaya (turawa da ja guda na sauti) na haz 2000 santimita 17 ne, rabinsa takwas da rabi. To daidai wurin da sifikun biyu ya kamata su haɗa ƙarfi, ɗaya na turawa ɗaya na ja, suna cinye juna. Katin sauti mai ɗaukar samfur 48,000 a daƙiƙa, samfur 12 zuwa 13 kacal ne wannan tazarar.

Na aro katin sauti mai kafa biyu da makirufon awo wanda ba na USB ba. Kafa ɗaya ta makirufo, ɗayar kuma na ɗauko gajeriyar waya daga mafita na mayar da ita mashiga. Wannan wayar ita ce shaida, ita ke gaya wa manhaja lokacin tashi. Wanda ba shi da irin wannan kati, REW na da wata dabarar: a ajiye wata tiwita gefe guda ta riƙa yin ɗan fito kafin kowane awo, da sharaɗin kada ta motsa ko kaɗan.

Sauran aikin haƙuri ne. Makirufo a mita ɗaya, saitin tiwita, na manne ƙafafunsa da salatif a siminti. Akwati da makirufo duka a tsayin mita 1.2, don amon da ke dawowa daga ƙasa ya makara da kusan milisakan 4.7, sai na yanke awon kafin ya iso. Mafarin yankan wuri ɗaya ne ga sifika da tiwita, ban taɓa shi ba. Yarona ya miƙa hannu zai gyara makirufon don ya kalli babbar sifika, na ce, "Kul! Waya kawai za ka sauya a baya." Ya ce, "Maigida, ai ɗan kaɗan ne." Na nuna masa faɗin yatsunsa huɗu, na ce shi ne ya ɓata mana sati.

Wani abin da mu na Kano ya kamata mu kula da shi: zafi. A digiri 40 gudun sauti ya kai kusan mita 355. A tazarar mita ɗaya bambancin ya doshi kashi ɗaya cikin goma na milisakan, kusan digiri 70 na juyin zango a haz 2000. Wanda ya auna tiwita da sanyin asuba ya bar sifika sai azahar ya sauya ma'auni bai sani ba. Ni bayan isha'i nake yi, zama ɗaya, lokacin da janareton maƙwabta da adaidaita sahu suka lafa.

Da na zuba sabon awon, ramin da kunnen liman ya ji, wato inda layin ya faɗa ƙasa, ya bayyana ƙarara a fuskar kwamfuta. Na juya wayoyin tiwita, na rage kwayil ɗaya, ramin ya cike. Don in tabbatar, na sake juya su da gangan, rami mai zurfi ya dawo daidai kan haz 2000. Na mayar da su, na ɗaure, muka ɗora akwatunan a kura zuwa masallaci. Daren farko na tafsiri a sahun ƙarshe na zauna, kusa da takalma.