Godiya ga duk wanda ya jure ƙarar erhu ɗina

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, taron al'adu na ɗaliban ƙasashen waje da aka yi a makarantarmu a nan Nanjing ya ƙare lafiya, ni ma na hau dandamali na goga erhu, wani kayan kiɗa na Sinawa, na sauko ba tare da tsirkiya ta tsinke ba. Saƙonni sun yi yawa, ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na haɗa godiyar a nan.

Masu tambaya ko goge ne: ɗan uwansa ne, amma ba shi ba ne. Gogenmu tsirkiya ɗaya gare shi, erhu kuwa biyu, na ƙarfe, kuma izgar bakan a tsakaninsu take, ba a fitar da ita. Ka matsa izgar ciki, tsirkiya mai kaurin murya ta amsa. Ka tura waje, mai siririyar murya ta yi magana. Maimakon ƙwarya, ɗan akwatin katako ne mai kusurwa shida, an rufe fuskarsa da fatar mesa, ana ɗora shi a cinyar hagu. Babu allon da yatsa zai danne tsirkiya a kai, babu alamar da za ta ce maka nan ne wurin. Kunne ne kaɗai jagora, kunnen sabon shiga kuwa ba abin dogaro ba ne.

Don haka godiyata ta farko ga malamata take, dattijuwar da ta karɓe ni ba ta san Hausa ba, ni kuma Sinancina na sayen abinci ne. Watannin farko ba ta bar ni na taɓa ko waƙa ɗaya ba. Jan baka kawai, daga gindi har ƙarshe, a hankali, a kan tsirkiyar da ba a danne ba, sai murya ta fito ɗaya babu rawa. Idan kafaɗata ta ɗaga sai ta taɓa ta da fensir. Ita ta nuna mini yadda ake shafa wa izga ƙaro ta ɓangarorin biyu, tunda duka biyun suna aiki, ita ta gyara mini zaren da ke ɗaure tsirkiyoyi da wuyan kayan daidai da tsawon hannuna, ita kuma ta koya mini karanta kiɗa da lambobi 1 zuwa 7 yadda Sinawa ke rubuta shi. A lokacin ina ganin ta cika tsanani. Ranar taro da hannuna ya fara karkarwa, wannan jan bakan ne ya riƙe ni. Malama, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Sai maƙwabtana na ɗakin kwanan ɗalibai. Kai, waɗannan bayin Allah sun sha wuya. Erhu a hannun ɗan koyo kukansa kamar na akuyar da aka ɗaure a rana, kuma bangon ɗakunanmu ba kauri. Ɗan uwanmu na Zinder da ke ɗakin kusa da nawa bai taɓa ƙorafi ba, sai dai ya leƙo ya ce, "Malam, ka gama yanka ta ne ko da saura?" Shi ne kuma ya zauna a sahun gaba yana ɗaukar bidiyo. Mai gadin ginin ma, da ta ga halin da ake ciki, ta riƙa buɗe mini wani ɗaki a ƙasa bayan la'asar. Na gode.

Baba, na san ba da sauƙi ka amince ba. Kowa ya san irin kallon da ake yi wa goge da masu goge a garinmu, kuma ka turo ni karatun injiniya ne. Abin da ya ba ni mamaki, Sinawa ma sun daɗe suna yi wa erhu kallon kayan maroƙa da masu yawon titi. Sai a shekarun 1920 wani makaɗi mai suna Liu Tianhua ya shigar da shi ajin jami'a a Beijing, ya rubuta masa kiɗa na kansa. Abing, wani makaho mai goga erhu na birnin Wuxi da ake girmamawa yanzu, a titi ya yi rayuwarsa, sai a 1950, shekarar da ya rasu, aka naɗi kiɗansa. Da na ba ka wannan labari a waya ka yi shiru, sannan ka ce kada dai salla da karatu su yi rauni. Sharaɗin na nan, ban saki ba. Umma, addu'arki ta iso.

Ina gode wa 'yan uwa ɗaliban Najeriya, Nijar, Ghana da Kamaru da suka cika zauren, har da waɗanda suka hau jirgin ƙasa daga Shanghai. Tafinku ya fi kiɗan ƙarfi, ni dai na ji inda na zame, malamata ma ta ji, ta riga ta faɗa mini ranar da za mu koma kai. Ita ma abokiyar karatuna da ta raka ni da kiɗan yangqin (kayan kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa da ake bugawa da 'yan sanduna), wadda take rage gudu duk lokacin da na makara, ta cancanci rabin tafin.

Masu cewa in taho musu da erhu idan zan dawo hutu, ku yi haƙuri da ni. Saboda fatar mesar nan, tun 2005 hukumomin Sin suke neman takardar shaida a kan kowane ɗaya, kuma ba a barin matafiyi ya fita da fiye da biyu. Akwai mai fatar roba, shi ba ya buƙatar takarda, ga mai fara koyo kuma ya wadatar.

Bidiyon zan tura wa duk wanda ya nema. Wanda ban ambata ba ya yafe mini. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.